Mai sana'ar hannu, rediyonsa da littafinsa



An gama girbi. Hatsi ya shiga rumbu. Hunturu ya fara busawa. A nan Damargu kowa ya san abin da ke biye: wata takwas ko fiye babu ruwan sama, babu aikin gona. Samari da yawa sun ɗauki jaka. Wasu sun nufi Agadas, wasu Kano, wasu har Libiya. Wanda ya zauna gida fa? In yana da sana'a a hannu, to, lokacinta ya yi. Mace ta jiƙa kaba, ta fara saƙar tabarma ko faifai. Baduku ya fito da fatunsa. Maƙeri ya hura wuta. Wani dattijo yana tufka igiya a gindin aduwa. Wata budurwa tana ɗinkin hula.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tun zamanin kakanni, ayarin Abzinawa yana sauka Damargu don sayen gero, ya kai shi Bilma da Fashi, ya musanya da gishiri da dabino. Raƙumi ba ya ɗaukar kaya sai da igiya, da taiki, da salkar ruwa. Wa ke yin su? Masu sana'ar hannu. Rijiyoyinmu kuma masu zurfi ne ƙwarai, kowa ya sani. Igiya da guga ba su taɓa rasa mai saye ba.

Amma zamani ya juya. Yau ka shiga kasuwar Tanut, ko ta Bakin Birji, ko ta Belbeji, ka duba da kyau. Ga tabarmar roba, ga igiyar roba, ga takalmin roba, jibgi guda, kuma da araha. Injin da ya yi su ba ya gajiya. Kai kuwa hannu biyu gare ka. Ba za ka iya tsere da inji wajen yawa ba. Abin da ya rage maka biyu ne: aikinka ya fi kyau, kuma maganarka ta zama magana ɗaya. Na farko ka koya wurin iyaye. Na biyu shi ne wanda karatun nan da ka yi zai taimake ka a kai.

Kunne ya girmi kaka

Mu fara da kunne, don shi ne abokin hannu.

Duk inda ka ga mai sana'a zaune, ka duba gefensa. Sau da yawa akwai ƴar rediyo. Saƙa aiki ce mai tsawo. Hannu ya riga ya san hanya, yana tafiya shi kaɗai. Kunne kuwa ba shi da aikin yi. In ba ka ba shi abinci ba, barci ya ɗauke ka, ko tunani ya cika maka kai.

Mutanen Nijar sun daɗe da sanin haka. An buɗe gidan rediyon ƙasa a Yamai a 1958. A 1974 aka sa masa suna Muryar Sahel. Tun 1962 aka kafa kulob-kulob na masu sauraren rediyo. Mutanen gari su taru da dare wuri guda, su saurari shiri tare, sannan su tattauna. A ɗauki muryoyinsu, a aika Yamai, wata rana su ji kansu a cikin akwatin. Daga waje kuma, BBC ta fara magana da Hausa a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979. Daga 1999 aka shiga buɗe ƙananan rediyoyin karkara, na farko a Bankilare, can yammacin ƙasa. Yanzu sun haura ɗari. Su ne ke faɗin sanarwar aure da suna, da cigiyar raƙumin da ya ɓata, da ranar rigakafi.

Waɗanda suka manyanta suna tuna lokacin kaset. Wannan ya sa Shata, wancan ya sa Ɗan Gurmu, wani ya ce shi sai Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram. In an sa wasan kwaikwayon su Yazi Dogo, har mai dakan gero takan tsaya da taɓarya a hannu. A lokacin, damuwar ita ce pil. In ya yi sanyi sai a shanya shi a rana, wai ko ya ƙara kwana ɗaya. Yau ga rediyo mai aiki da hasken rana, ga wayar hannu da katin waƙoƙi da karatun malamai. Abin saurare ya yi yawa. Shi ya sa dole ka zaɓa.

To, ga abin da na lura da shi. Ba kowane aiki ne ke tafiya da saurare ba. Taura biyu ba ta taunuwa.

Akwai aikin da hannu ke yi ba tare da kai ba: tufkar igiya, tsagar kaba, saƙar farar tabarma da babu ado, goge fata. Wannan ka buɗe rediyonka, ka more. Nan ne wurin labarai, da wa'azi, da waƙa, da wasan kwaikwayo.

Akwai kuma aikin da ke son kai duka. Baduku zai yanka fata. Fata in an yanka ta, an yanka ke nan, ba ta komawa. Mai saƙa ta kai wurin ado, tana ƙirga ja uku, fari biyu, baƙi ɗaya. Mai rini yana auna galura. Maƙeri ya ɗora azurfa a wuta. A irin wannan lokaci, ka rage murya ko ka kashe gaba ɗaya. Minti goma ne. Labarin duniya ba zai gudu ba, za a maimaita shi da yamma. Na sha ganin tabarma mai kyau wadda adonta ya karkace a tsakiya. In ka tambaya, sai ka tarar a daidai wurin ne wasan kwaikwayo ya yi daɗi.

Wuri na uku da za ka kashe rediyo shi ne lokacin da mai saye ya yi sallama. Wannan ladabi ne, kuma kuɗi ne. Mutum ya zo daga nesa, yana gaya maka irin abin da yake so, kai kuwa kunnenka ɗaya yana wurin ƙwallon ƙafa. Ya ce kore, ka ji ja. Ka saurare shi har ya gama. Sannan ka maimaita masa abin da ya ce, da bakinka: "Wato faifai shida, huɗu manya, biyu ƙanana, da kore da baƙi, ko?" In ya ce i, sai ka ɗauko littafi.

Kafin mu je ga littafin, kalma ɗaya game da waya. Rediyo ba ta kama hannu. Waya kuwa tana kamawa. Saƙon murya ya shigo ta WhatsApp, ka ajiye basilla, ka saurara, ka amsa, ka ga wani hoto, ka yi dariya. Ka ɗaga kai, inuwa ta riga ta gusa. Gara ka ajiye ta cikin aljihu, ka duba bayan azahar da bayan la'asar. Ke kuma uwar gida, in za ki sa abin saurare a kunne, ki sa ɗaya kawai. Ki bar ɗayan don kukan yaro da sallamar baƙo.

Abin da kai ba ya iya riƙewa

Bari in ba ku labarin abin da ya same ni. Shekarar da zan aurar da ƴata, na je wurin wani baduku. Gwani ne, kowa ya shaida. Na ce ya yi mini matasan kai na fata guda biyu. Muka yi ciniki. Na ba shi rabin kuɗi kafin alƙalami. Ya ce in dawo bayan kasuwa uku. Na dawo. Ya dube ni, ya yi murmushi, ya ce: "Malam, ba guda ɗaya ka ce ba?" Ɗayar ma bai gama ba. Da muka zo kan kuɗi, ni na ce kaza na ba shi, shi ya ce kaza ya karɓa. Muka yi ta rantse-rantse a gaban mutane, abin kunya. Wallahi ban ce ya cuce ni ba. Mutumin kirki ne. Aikin mutum goma sha ne a kansa, kuma duk a ka yake riƙe da su. Amma amarya ta tare babu matasan kai, ni kuma ban sake komawa wurinsa ba. Ƙanena ma da ya tashi nasa biki, wani wuri ya tafi.

Ka ga abin da mantuwa ta ci. Ba aiki ɗaya ta ci ba, gida guda ta ci.

A da, mai sana'a ba shi da yadda zai yi. Wani ya ƙulla igiya, wani ya ja zane a bango da gawayi. Kai yanzu ka iya rubutu. Ka sayi littafin rubutu irin na ƴan lakol, wanda muke cewa kaye, da bik guda. Ka huda kayen, ka ɗaura masa bik da zare, don kada yara su ɗauke. Wannan kaye na sana'a ne kaɗai. Ba a yage takardarsa don ƙunshe taba ko magani.

Duk wanda ya ba ka aiki, ka ba shi wurinsa a shafi. Ga yadda za ka rubuta:

Wance, matar Wane, daga Gangara.
Faifai 6. Manya 4, ƙanana 2. Kore da baƙi.
Kuɗi: 3.000 F. Ta ba da 1.000 F. Saura 2.000 F.
Za ta karɓa: kasuwa 2 kafin Sallah.

Shi ke nan. Layi huɗu. Ka rubuta a gabanta, ka karanta mata da ƙarfi. In ta iya rubutu, ta sa hannu. Ranar da ta karɓi kayanta ta cika kuɗi, ka ja layi a kai. Kada ka yage shafin. Baɗi in ta dawo ta ce "irin na bara nake so", ga shi nan a rubuce.

In takalmi ne, ka sa mutum ya taka takarda, ka zagaye ƙafarsa da bik, ka rubuta sunansa a cikin sawun. In hula ce, ka auna kai da zare, ka yanke, ka liƙa zaren a shafin. In an aiko maka da sautu ta waya, ka rubuta nan take, kafin ka ajiye wayar. Saƙon murya yana nutsewa cikin ƴan'uwansa, ranar da kake nema ba ka gani.

Kada ka ce rubutunka ba shi da kyau. Ba mushe ne zai duba ba. Wanda hannunsa ya fi sabawa da ajami, ya rubuta da ajami. Ƴar'uwa Ba'abziniya da ta iya tifinar, ta yi da shi. Abin da ake so, gobe ka buɗe ka gane.

Dala a baki, sefa a takarda

Nan akwai wani rami da sababbin masu karatu ke faɗawa. Mu tsaya a kansa sosai.

Ɗauko ƙwandalar da muke kira dala ashirin. Duba abin da aka rubuta a jikinta. An rubuta 100. Ɗauko takardar jika guda. An rubuta 1000, mu kuwa muna cewa dala metan. Me ya sa? Don baki yana ƙirga da dala, takarda tana ƙirga da sefa. Dala ɗaya sefa 5 ce.

Dala 10, ita ce 50 F.
Dala 20, ita ce 100 F.
Dala 100, ita ce 500 F.
Dala 200, ita ce 1.000 F, wato jika guda.

In kana da dala kana son sefa, ka ninka sau 5. In kana da sefa kana son dala, ka raba gida 5.

Ga inda rigima take. Mace ta ba ki dala ɗari. Kika rubuta 100. Bayan wata guda ɗanki ɗan lakol ya karanta miki, ya ce sefa ɗari ce, wato dala ashirin. Ke kin manta. Sai ki bi baiwar Allah bashin da ba ta ci ba. Ko kuma abin ya juya, ke ki yi asara. Maganin abin sauƙi gare shi. Ki zaɓi hanya ɗaya, ki tsaya a kanta. In da sefa za ki rubuta, ki sa F a bayan kowace lamba. In da dala ne, ki rubuta kalmar dala a gaba. Ni dai shawarata ki saba da sefa, don ita ce a jikin kuɗi, ita ce a rasit, ita ce a waya.

Yanzu mu yi lissafin da yawancin masu sana'a ba su taɓa yi ba. Lambobin nan misali ne kawai. Ki cire su, ki sa na kasuwarku.

A ce kin saƙa tabarma mai ado. Kin sayi kaba ta 500 F. Kin sayi galura ta 200 F. Kin ba mai amalanke 100 F ya kai miki kasuwa. In an tara, 800 F ke nan. Kin sayar da tabarmar 1.500 F. Kin dawo gida da murna, kin ce kin samu jika da rabi. A'a, ƴar'uwa. Cire 800 daga 1.500. Saura 700 F. Wannan ne naki. Kwana nawa kika yi kina saƙa? A ce bakwai. Raba 700 gida 7. Kowace rana 100 F, dala ashirin.

To, ki tambayi kanki: nawa ake sayar da tiyar gero yau? Kwana nawa zan yi ina saƙa kafin in sayi tiya ɗaya? Ga amfanin rediyo ya dawo. In ana faɗin farashin hatsi da na dabbobi a kasuwanni, ki kasa kunne, ki rubuta a bayan kayenki tare da ranar. In gero ya hau, kuɗin tabarmarki yana nan inda yake, to, ke ce kika sauka.

Wannan lissafi ba don ki karaya ba ne. Don ki ga inda riba take ne. Ki yi wa faifai irinsa, ki yi wa mafici, ki yi wa malfa. Wata za ta tarar ƙaramin abin da take rainawa, wanda take gamawa a yini ɗaya, ya fi babbar tabarma kawo kuɗi. Wata za ta ga kaba ce ke cinye ribarta, don tana saye kaɗan-kaɗan. Kaba mai yawa tana fitowa daga kudu, wajen Gulbin Kaba, ƙasar Tasawa da Mayahi, kuma kowane hannu da ta bi sai ya ɗora nasa. In mata biyar suka haɗa kuɗi suka sayi babban ɗauri, kowace ta rage asara. Adashe mun gada. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara kuma, da aka fara a jahar Maraɗi a 1991 tare da CARE, sun nuna mata suna iya tara kuɗinsu a asusu, su ranta wa junansu. In kina cikin irin wannan ƙungiya, kayenki zai gaya miki nawa za ki iya ranta ba tare da kin shiga uku ba.

Abu guda kuma: kuɗin kafin alƙalami ba naki ba ne tukuna. Na kaba ne da galura. Ki ƙulle shi daban. In ya shiga tukunyar miya, ranar da za ki fara aikin sai ki ci bashi. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, gaskiya ne. Amma wanda aka rubuta ya fi sauƙin biya, kuma ya fi sauƙin tambaya. Ki ware shafi biyu a ƙarshen kaye. Ɗaya: waɗanda nake bi. Ɗaya: waɗanda ke bi na.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Mai sana'a yana da lokutan da aiki ke yi masa rubdugu: bayan girbi, lokacin bukukuwan aure, da gab da Sallah ƙarama da babba. A nan ne ake jin kunya. Kowa ya zo ka ce to, don kada ka ɓata masa rai. Daren Sallah mutum biyar suna tsaye a ƙofarka, kai kana ɗinki da fitila, ido ya yi ja.

Ka san hannunka. In takalmi ɗaya yana cin kwana biyu, kuma saura kwana 20 Sallah, to, takalmi 10 ne iyakarka. Ka cire ranar kasuwa, ka cire ranar da za a yi rasuwa ko suna, don ba a rasa su. Ka ce 8. In kayenka ya nuna mutum takwas, na tara ka gaya masa gaskiya: "Ka yi haƙuri, sai bayan Sallah." Zai ji zafi yau. Amma ya fi ya zo ranar idi ya koma da ƙafa a ƙasa. Alkawari kaya ne.

Ka tuna kuma Sallah ba ta tsayawa wuri ɗaya. Shekarar Musulunci ta gaza ta bature da wajen kwana 11. Kowace shekara Sallah tana matsowa gaba. Wadda ta zo da rani, bayan ƴan shekaru za ta zo cikin sanyi, daga nan ta faɗo lokacin girbi ko tsakiyar damina, lokacin da kake gona daga safe har yamma. Ka dubi kalanda tun da wuri. Baduku kuma ya san bayan layya fatu suna yawa, suna araha. Wanda ya tanadi kuɗi da gishiri da bagaruwa kafin ranar, shi ke cin kasuwar.

Wurin aiki

Wannan ba ya son dogon bayani, kun fi ni sani. Basilla, da allura, da aska, da almakashi su kwana wuri ɗaya kullum, cikin jaka ko gwangwani mai murfi, inda hannun yaro ba ya kai. Kaba da tabarmar da aka gama a rataye su sama, don gara ba ta sallama. Da hunturu kaba tana bushewa tana karyewa, sai a yayyafa mata ruwa a rufe da tsumma. Fata ba ta son rana, ba ta son laima. Tukunyar rini daban, ta abinci daban, ko da an wanke. Mataccen pil kada a yar da shi inda yara ke wasa ko kusa da rijiya.

Abin da na fi so in ja kunnenku a kai shi ne aikin da aka fara ba a gama ba. Ka shiga ɗakin wata gwana, ka ga faifai rabi a nan, tabarma rabi a can, mafici babu mariƙi. Kuɗinta ne duk a kwance, ƙura tana hawa. Rabin tabarma ba ya sayuwa. Kada aikin da ke hannunki ya wuce biyu: babba ɗaya na zaman rana, ƙarami ɗaya na hira da dare. Sai ɗaya ya fita, wani ya shigo.

Aikin da ba wanda ya sa ka

Wani zai ce: "Malam, ka mai da sana'a duk lissafi. Ina daɗin?" Yana da gaskiya. Yawancinku ba don kuɗi kuka fara ba. Yarinya ta zauna kusa da kakarta, ta ɗauki guntun kaba, ta yi ɗan faifai karkatacce, aka yi dariya, ta ji daɗi. Daga nan ne.

Kada ki bar wannan daɗi ya mutu. Ki samu ƙwarya ko tsohon kwando, ki riƙa tara guntayen kaba masu launi. Baduku ya tara ɓarɓashin fata. Mai ɗinki ya tara ƙarshen zare. Rana ɗaya a mako, ko da bayan la'asar ɗin Juma'a ne, ki ajiye aikin mutane. Ki sa waƙar da kike so. Ki yi abin da ranki ya ba ki. Ki haɗa launin da ba a saba haɗawa ba. In ya yi muni, ba wanda ya yi asara, guntaye ne. In ya yi kyau, kin samu sabon ado da babu shi a kasuwa. Ƙasarmu mahaɗa ce. Ga Hausawa, ga Dagira, ga Abzinawa, ga Fulani. Dubi ɗinkin rigar Bororo, dubi jakar fata ta Abzinawa da tuntayenta, dubi zanen ƙwaryar nono. Ido ma yana da nasa saurare.

In sabon adon ya fito, ki rubuta shi ranar, tun bai gudu ba. Ki zana shi yadda kika iya, ki sa ƙirgarsa a gefe: ja 3, fari 2, baƙi 1, fari 2. Ki sa masa suna. Masu ɗinkin riga suna da aska biyu da aska takwas, kowa ya ji sunan ya san adon. Wani ne ya fara raɗa musu.

Haka kuma tsofaffi. Akwai tsohuwa a unguwarku da ta san adon da ba wanda ke yi yanzu. Ta san yadda ake fitar da ja daga karan dafi tun kafin galura ta zo kanti. Akwai tsohon badukun da ya san haɗin kuloko, baƙin da ba ya kodewa. Idonsu ya raunana, hannu yana rawa, amma baki yana nan. Ki kashe rediyo wata rana, ki ɗauki kayenki da ɗan goro, ki je ki gaishe ta. Ki tambaya, ki yi shiru, ki rubuta. Ki sa sunanta a saman shafin da sunan garinsu.

Tun shekara ta 2000 ake yin babbar kasuwar baje kolin sana'ar hannu ta mata a Yamai, wadda ake kira SAFEM. Masu saye a irin wannan wuri ba su cewa "yi mini mai kyau". Suna cewa guda 50, faɗi kaza, launi kaza, rana kaza, kuma duka su zama iri ɗaya. Daga Tanut zuwa Damagaram kusan kilomita 150 ne, Yamai kuwa ta fi haka nisa ƙwarai. Wataƙila ba za ki taɓa zuwa ba. Amma ɗan kasuwar da zai je yana iya tsayawa a rumfarki, ya tambaya ko za ki iya yin hamsin irin wannan. Ranar, sai ki buɗe shafin da ƙirgar take, ki duba kwana nawa guda ɗaya ke ci, ki ba shi amsa.

Aikin da za a kawo aji mako mai zuwa

Ka zaɓi abu ɗaya da kake yi da hannunka. Ka rubuta duk abin da ka saya don yin sa, da kuɗin kowane, da sefa. Ka rubuta nawa kake sayar da shi, da kwana nawa yake ci. Ka fitar da abin da ke zama naka a rana ɗaya.

Mace ta ba ka dala ɗari da hamsin kafin alƙalami, a kan aikin jika biyu. Rubuta abin da ta bayar da sefa. Saura nawa?

Ka saurari shiri ɗaya a rediyo cikin makon nan. Ka rubuta ranar, da sunan tashar, da abu biyu da ka ji. Wanda ba shi da rediyo ya zauna wurin maƙwabci, ya tafi da kayensa da bik.